Ku Tambaya Mu Amsa: Kasuwar 'yan besbol, wa ya ci riba wa ya sayi wahala?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan karon saƙonnin da suka taru min yawancinsu kan besbol ne, wasan nan na Amurka na jifa da bugu da sanda, kuma ban yi mamaki ba tunda kakar 2025 ta ƙare, kasuwar 'yan wasa ta buɗe, dillalai sun baza komarsu. Masu jiran amsa kan Firimiya ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba. Wasu saƙonnin na rage musu tsawo, kar mai shi ya ga kamar an yi masa yankan ƙauna.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan zango ne daga Kumasi, na kai shekara 11 ina tuƙin tasi a New York, gidana a Bronx yake ko minti 15 bana yi a ƙafa zuwa filin Yankees, toh zama da maɗaukin kanwa ya sa nima na zama ɗan Yankees. Abin da har yau yake cina a rai shine maganar Juan Soto, yaron nan ya kai mu har World Series, wato wasan ƙarshe na cin kofin besbol, a 2024 amma aka bari Mets, ɗaya kulob ɗin na New York, suka ɗauke shi saboda ratar dala miliyan 5 kacal, su sun bada 765 mu mun tsaya a 760. Dan Allah wannan ba rowa bace?

AMSA: Ɗan'uwa barkanmu dai, Allah ya tsare hanya. Wanda ya zaro dala miliyan 760 ya ajiye a gaban yaro ɗan shekara 26 ai ba a kira shi marowaci ba, sai dai a ce an fi shi zafin nema. Kuma ratar ba miliyan 5 bace kamar yadda kake gani. Yankees na shekara 16 suka yi tayi, in ka raba zaka samu miliyan 47 da rabi duk shekara, Mets kuwa shekara 15, wato miliyan 51, ba a jinkirta masa ko sisi ba, sannan akwai sharaɗin cewa bayan kakar 2029 yana iya cewa ya fasa ya koma kasuwa sai dai in Mets sun ƙara kuɗin ya kai 805. Kaga ashe ba kunnen doki aka yi ba.

Abin da ya sa farashin Soto ya haura haka, haƙora ne. Ka san in ka je kara sayen sa, kafin ka tsaya kallon tozo sai ka buɗe bakin ka duba haƙora, don su ne basa ƙarya kan shekaru. A besbol ɗan wasa baya samun 'yancin shiga kasuwa sai ya yi shekara 6 cur a babban rukuni, yawancinsu kuma sai sun kai 23 ko 24 ko 25 ake hawo da su, toh lissafa, lokacin da zai zama firi ejen, wato ɗan kansa a kasuwa, ya kai 30 ko ya wuce, ganiyar ƙarfinsa kuwa tsakanin 26 zuwa 29 ce, ya riga ya ƙarar da ita a kulob ɗinsa na farko da araha. Shi ya sa kasuwar nan take da haɗari, kuɗin aikin jiya kake biya amma aikin gobe za a yi maka, kuma goben da furfura take zuwa. Soto ya fita daban saboda yana ɗan shekara 19 Washington suka hawo da shi a 2018, shekara ta zagayo ya ɗaga kofi da su, don haka ya iso kasuwa da haƙoransa cif-cif. Irinsa ba a samu duk shekara, kuma dillalinsa Scott Boras ba yaro bane a harkar.

Amma duba abin da mutanenka suka yi bayan ya tafi. Sun ɗauko Max Fried, majefi mai hagu, shekara 8 kan miliyan 218, sun yi musayen Cody Bellinger daga Cubs da Devin Williams daga Milwaukee, sun ba tsoho Paul Goldschmidt kwantiragin shekara 1. Da Soto a 2024 wasa 94 suka ci, ba Soto a 2025 wasa 94 ɗin dai suka sake ci, Fried shi kaɗai ya kawo nasara 19. Su kuma Mets da suka ci 89 kafin ya zo, da ya zo sai suka ci 83, a watan Yuni babu kulob ɗin da ya kai su nasara a duk Amurka amma ranar ƙarshe ta kaka Miami ta doke su, ko zagayen neman kofi basu shiga ba. Ba laifin yaron bane fa, hom-ron 43 ya buga, wato sau 43 ya aika ƙwallo ta tsallake katanga, majefansu ne suka zube, mai buɗe wasa ya kasa kai zagaye na 6 cikin 9 na wasa kullum sai a jibga wa masu karɓar hannu nauyi har suma suka gaji.

Kar ka ɗauki wannan a matsayin hukunci, kwantiragin shekara 15 ba a yanke masa shari'a da kaka ɗaya. In ni ne mai Mets zan biya, don abin da Soto ya fi kowa shine ido, sanin ƙwallon da za a buga da wadda za a ƙyale ta wuce, kuma ido ya fi ƙafa daɗewa. Amma a kujerar Yankees lissafin daban ne, suna da Aaron Judge da ke karɓar miliyan 40 duk shekara har 2031, ga Giancarlo Stanton da ba abin da yake iyawa yanzu sai bugu, Soto kuma tsaron filinsa ba yabo ba fallasa, nan da wasu shekaru shima bugu kawai zai koma yi, kujera ɗaya ce kuma ta mai bugu zalla a jerin mutum 9. Ga haraji. Ba a ƙayyade albashi a besbol amma akwai layin da in kulob ya tsallaka sai ya biya tarar facaka, a 2025 layin miliyan 241 ne, karon farko kashi 20, na biyu 30, na uku 50, in ka yi nisa sosai a ƙara maka wani a kai, har ya zama kulob irin Yankees duk dala 1 da ya ƙara a can sama sai ya biya dala 1 da santi 10 haraji. Ina jin zafinka wallahi, amma rowa kam a'a.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ɗan Madrid ne daga Fagge, besbol ɗin nan ban gane kansa ba sai dai ina ganin kuɗaɗen da ake ambata a Facebook. Shin firi ejen ɗinsu irin yadda Mbappé ya zo mana a kyauta ne a 2024? Kuma me ya sa bana jin ana cewa kulob kaza ya sayi wane daga kulob kaza kan miliyan kaza?

AMSA: Ƙanina akwai kama amma ba ɗaya bane. A ƙwallon ƙafa tun hukuncin Bosman na 1995 duk wanda kwantiraginsa ya ƙare ya zama ɗan kansa ko shekararsa 19. A besbol kuwa ƙarewar kwantiragi bata 'yanta ka, sai ka cika shekara 6 ɗin nan, kwana 172 a cikin jerin babban kulob shine shekara 1. Shekaru 3 na farko kulob ne ke yanka maka abin da ya ga dama in dai bai gaza mafi ƙarancin albashi ba, wanda a 2025 dala 760,000 ne. Shekaru 3 na biyu in kun kasa daidaitawa sai a je gaban masu raba gardama, kai ka rubuta farashinka kulob ya rubuta nasa, su kuma dole su zaɓi ɗaya, ba raba tsakiya. Bayan nan ne zaka fita kasuwa. Har wayo ake yi da kwanakin, Cubs a 2015 sun riƙe Kris Bryant a ƙaramin rukuni na 'yan kwanaki a farkon kaka, ya ƙare shekarar da kwana 171, saura 1 tak, da wannan suka samu ƙarin shekara guda a kansa.

Saye da sayarwa da tsabar kuɗi tsakanin kulob-kulob na Amurka ba shine al'adarsu ba, musaye suke yi, in baka tauraro ɗaya ka bani yara uku masu tasowa, kuma kwantiragin yana bin ɗan wasa duk inda aka kai shi. Wani abin kuma, kuɗin kwantiragi tabbas ne, ko ka karye a satin farko sai an biya ka har ƙarshe. Inda ake biyan wani abu mai kama da kuɗin saye shine in an ɗauko ɗan wasa daga Japan ko Koriya, kamar yadda Dodgers suka biya Orix sama da miliyan 50 kan Yoshinobu Yamamoto bayan miliyan 325 ɗin da suka ba shi kansa.

Wannan 'yancin ma ba a banza aka same shi ba. Kafin 1975 kulob ɗinka ne ke mallakarka har ka yi ritaya. Wani baƙar fata Curt Flood, ɗan wasan St. Louis, aka yi musayensa zuwa Philadelphia a 1969 yace ba inda za shi, shi ba kaya bane da za a saya a sayar, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 1972 ya faɗi, sana'arsa ma ta mutu a kan haka. Sai a Disambar 1975 mai raba gardama Peter Seitz ya yanke cewa majefa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, sun zama 'yan kansu, daga nan ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Marvin Miller ta zauna da masu kulob aka tsaya kan shekara 6. Miller da kansa bai so kowa ya riƙa fita kasuwa duk shekara ba, ya san in kaya ya yi yawa a kasuwa farashi faɗuwa yake.

TAMBAYA: Malam wai da gaske ne Ohtani dala miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara alhali an ce 700 aka ba shi? Wannan ba cuwa-cuwa Dodgers suka yi ba don kauce wa haraji? Daga wani ɗalibi a Michigan.

AMSA: Da gaske ne ɗalibi. Disambar 2023 Dodgers suka ƙulla da Shohei Ohtani, ɗan Japan ɗin nan mai jifa kuma mai bugu, shekara 10 kan miliyan 700, amma yana karɓar 2 duk shekara, sauran 680 ɗin sai daga 2034 zuwa 2043 za a riƙa ba shi 68 duk shekara, ba ruwa a kai. Shi ya kawo shawarar, kuma ba yunwa zai ji ba, kuɗin tallace-tallacensa a Japan da Amurka ya ishe shi.

Cuwa-cuwa kuma a'a, doka ta yarda, kuma ba su tsira daga haraji yadda kake zato ba. Ba a lissafa musu miliyan 2, ana lissafin ƙimar kuɗin a yau ne, kai da kake karatu ka san dalar 2040 bata kai dalar yau ba, da aka buga sai ya tashi wajen miliyan 46 a shekara, shi ake sa musu a lissafin haraji, kuma dole su riƙa ware kuɗin suna ajiyewa ba wai sai lokacin ya zo a fara 'yan kame-kame ba. Toh in ka cire kwalliyar, kwantiragin kamar na miliyan 460 ne, 700 ɗin ta kanun labarai ce. Dabarar ma tsohuwa ce, Mets har gobe duk 1 ga Yuli sai sun aika wa Bobby Bonilla dala miliyan 1.19, sun fara a 2011 sai 2035 za su gama, mutumin da rabonsa da sa rigarsu tun 1999, duk kan bashin miliyan 5.9 da suka ƙi biya a lokacin suka yarda da ruwa kashi 8.

Abin da ya dace ka lura da shi ba wayon lissafin bane, abin da suka yi da sararin da suka samu ne. A Disambar 2023 ɗin dai suka kawo Yamamoto suka kawo Tyler Glasnow, suka ci kofi a 2024 kan Yankees alhali Ohtani ko jifa ɗaya bai yi ba a shekarar saboda tiyatar gwiwar hannu, sai dai ya buga hom-ron 54 ya saci tasha 59, wato ya ruga tasha ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba, suka sake ci a 2025 kan Toronto a wasa na 7, Yamamoto ya zama gwarzo bayan ya fito ya ƙarasa wasan ƙarshe washegarin da ya yi jifa a na 6. Na kalli wannan har gab da asuba, idona biyu ban yi da-na-sani ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ba sanin wasan na yi sosai ba, maigidana ne ɗan Angels tun muna California, kullum in suka sha kashi gidan ba daɗi. Abin da ya ɗaure min kai, shi da bakinsa yake cewa Mike Trout da Ohtani su ne suka fi kowa a duniya kuma shekara 6 suna kulob ɗaya, toh ya aka yi ko sau ɗaya basu je ko'ina ba? A ƙwallon kwando ai in kana da irin waɗannan biyun ka gama.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, a gaida maigida a ce ina masa jaje, don son Angels jarabawa ce. Tambayarki ta fi ta masu cewa sun san wasan, ita ce gaba ɗayan maganar.

A kwando mutum 5 ne a fili kuma kina iya ba tauraronki ƙwallo duk lokacin da kika so. A besbol layi ake bi kamar na gidan mai, mutum 9, in Trout ya buga sai ya jira takwas sun wuce kafin ya dawo, sau 4 ko 5 zai riƙe sanda a wasa, in wasa ya zo wuya a zagaye na 9 kuma layin ya faɗo kan rago toh ragon ne zai buga, Trout na zaune yana kallo. Majefi mai buɗe wasa kuma sau ɗaya yake fita duk kwana 5 ko 6. Ga kakar wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba kusan kullum, kulob na da mutum 26 a hannu, 13 majefa, da babban jeri na mutum 40, kuma kafin kaka ta ƙare rauni da gajiya sai sun sa an taɓa fiye da haka. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, hannu biyu ma a nan basa ɗauka.

Daga 2018 zuwa 2023 Trout ya ci kyautar gwarzon shekara sau 1, a 2019, bayan biyun da ya ci a baya, Ohtani ya ci sau 2, amma babu kaka ɗaya da Angels suka ci fiye da yadda aka ci su. Ba kuma don mai kulob ɗin Arte Moreno baya kashe kuɗi bane, inda yake zuba su ne matsalar, mutum ne mai son suna. Disambar 2011 ya ba Albert Pujols shekara 10 kan miliyan 240 yana gab da cika 32. Pujols na St. Louis dodo ne, gwarzon shekara sau 3, kofi 2, cikin bugu 100 yana dacewa da kusan 33, amma na Angels ya sauko wajen 26, ƙafafu suka ƙi, a Mayun 2021 suka sallame shi kwantiragin bai ƙare ba. Shekara ɗaya bayan Pujols aka kawo Josh Hamilton kan miliyan 125, kaka biyu ya yi aka mayar da shi Texas Angels na ci gaba da biyan mafi yawan albashin. Sai Anthony Rendon a ƙarshen 2019, miliyan 245 shekara 7, bai taɓa buga wasa 60 a kaka ɗaya ba a rigarsu, 2025 ma ko fili bai taka ba. Duk masu bugu ne kin lura, alhali ciwon kulob ɗin jifa ne, kuma gonarsu, haka su da kansu suke kiran ƙananan kulob ɗin da ake renon yara, ta daɗe ba ta bada amfanin kirki.

Ki kwatanta da maƙwabtansu Dodgers da kowa ke cewa kuɗi ne kawai. Eh akwai kuɗi, amma Justin Turner Mets ne suka yar da shi suka tsince shi a 2014, Max Muncy Oakland ta sallame shi suka ɗauka a 2017 ba wanda ya kula, Will Smith da ya buga hom-ron ɗin da ya ba su kofin 2025 ɗan gonarsu ne tun zaɓen matasa na 2016, inda kulob-kulob ke zaɓar sababbin yara. Irin waɗannan masu arahar su ke ba kulob damar ɗaukar nauyin masu tsada. Milwaukee da ba ta da rabin kuɗinsu ma wasa 97 ta ci a 2025, fiye da kowa, da yaran gida da tsince-tsince, duk da dai da suka haɗu da Dodgers a Oktoba 4 da nema aka yi musu, kar in yi miki ƙarya in ce kuɗi ba ya aiki.

TAMBAYA: Yaya ina buga gem ɗin manajan besbol a kwamfuta, na ɗauki kulob ɗin da aka ci wasa 100 bara, an bani kuɗi masu yawa. In zuba su kan manya yanzu ko in jira yarana su girma? Kuma majefi ya fi ko mai bugu? Daga Zinder.

AMSA: Kai ƙanina, a Damagaram ma an kai nan? Madalla. Akwai kulob ɗin da ya taɓa zama daidai inda kake, Texas Rangers. A 2021 an ci su wasa 102, kowa na cewa su haƙura su jira, sai kawai cikin kwana biyu suka ɗauko Corey Seager shekara 10 kan miliyan 325 da Marcus Semien shekara 7 kan 175, rabin biliyan kenan kan mutum biyu. 2022 aka sake cin su 94, aka yi ta musu dariya. 2023 suka ɗaga kofin farko a tarihin kulob ɗin kan Arizona, Seager ya zama gwarzo.

Amma kar ka tsaya a nan ka ce shikenan a zuba kuɗi. Duba su wa suka saya, Seager 27 yake a lokacin, su biyun kuma 'yan tsakiyar fili ne, wurin da samun mai iya tsaro da bugu tare yake da wuya, kuma in ƙafa ta yi nauyi ana iya matsar da mutum gefe. Sannan sun san abin da ke tafe daga gona, Josh Jung da Evan Carter, ga Adolis García da suka karɓa daga St. Louis da 'yan kuɗi kaɗan a 2019 ya zo ya ragargaji Houston a wasan kusa da ƙarshe. Suka dawo da tsohon koci Bruce Bochy daga ritaya. Ma'ana sun sayi ginshiƙai ne shekara ɗaya ko biyu kafin yaran su iso, don irin Seager ba lallai ya kasance a kasuwa ba ranar da ka shirya. In yaranka na gem ɗin saura shekara 4 su nuna, riƙe kuɗinka, ɗauki masu kwantiragin shekara 1, wanda ya yi kyau ka yi musayensa a watan Yuli ka karɓi yara. In saura shekara 1 ko 2, saya, amma buɗe baki ka duba haƙora. Ka kuma lura da wanda tsohon kulob ɗinsa ya yi wa tayin riƙo na shekara 1, a ƙarshen 2024 kuɗin miliyan 21.05 ne, in ya ƙi karɓa kai ka ɗauke shi za a cire maka gurbi a zaɓen matasa, kulob mai gini kuwa wannan gurbin jininsa ne.

Majefi ko mai bugu, ni dogon kwantiragi mai bugu nake ba. Jifan mil 95 zuwa 100 a awa ba abin da aka halicci gwiwar hannu don shi bane, jijiyar na tsinkewa ba sallama, tiyatar kuma sai ta cinye shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Texas ɗin nan dai sun ba Jacob deGrom miliyan 185, wasa 6 ya buɗe a 2023 hannun ya tafi, kofin da suka ci yana jinya aka ci shi, wanda ya ɗauki nauyin Nathan Eovaldi ne mai kwantiragin shekara 2 kan miliyan 34, nasara 5 ya kawo a zagayen neman kofi. Washington sun ga fuska biyun, Max Scherzer shekara 7 kan 210 a 2015 ya ci musu kyautar Cy Young ta gwarzon majefi sau 2 da kofin 2019, kuɗi ya yi halinsa, sai suka ba Stephen Strasburg 245 bayan kofin, wasa 8 kacal ya sake fitowa har ya ajiye. Mets a 2023 kuma suka haɗa Scherzer ɗin yana 38 da Justin Verlander yana 40 kowanne sama da miliyan 43 a shekara, wai da tsohuwar zuma ake magani, kafin Agusta ta yi nisa duk sun rabu da su, suka ƙare da nasara 75. Gara majefa uku masu matsakaicin farashi da gajeren kwantiragi, in ɗaya ya karye biyu na nan. In ka ci kofi a gem ɗin ka turo min hoto.

TAMBAYA: Malam kai wane kulob kake yi ne? Mun lura kana yawan kare Dodgers.

AMSA: Ba kare su nake ba ɗan'uwa, wasansu na gida ƙarfe 3 na dare yake farawa a agogonmu, wanda ya hana ni barci haka ai ba masoyina bane. Ni ɗan Tampa Bay ne, sau biyu muka je World Series, 2008 da 2020, sau biyu muka dawo hannu rabbana, na biyun ma Dodgers ɗin ne suka yi mana.